Ba Zan Fara Daga Ƙasa Ba

Litinin, 10 ga Maris 1783, Vienna
Basaraken nan, Graf Wildenau, na son sabon kiɗa na goge huɗu kafin ƙarshen wata. In ya burge baƙinsa, ni ne shugaban makaɗan gidansa. In bai yi ba, in koma juya wa Baba takarda a gindin ogan, babban abin kiɗan coci. Allah ya kiyaye!

Alhamis, 13 ga Maris
Baba ya leƙa takarduna yana cin burodi, har ɓurɓushi ya zuba mini. Wai na ɗora rufi babu tushe. Shi a tsarinsu na dā, muryar ƙasa ake fara rubutawa, sannan sauran su shigo ɗaya bayan ɗaya suna bin juna. Na ce masa wannan kiɗan tsofaffi ne, yanzu waƙa ake so a sama, wadda ko mai wanki za ta tafi gida tana rerawa. Ya ce, "To, Kilian, ga fili ga mai doki." Haushi kamar in fashe.

Talata, 18 ga Maris
Kashi uku cikin huɗu sun kammalu, ko layi ɗaya na Baba babu. Ya ji da kyau!

Juma'a, 21 ga Maris
Kashin ƙarshe ya ƙi. Mun gwada, Florian mai babban goge, wato muryar ƙasa, har hamma yake, wai tun safe abu ɗaya yake ja kamar mai yankan katako. Ɗan rainin hankali. Amma ni ma na ji fanko ne. Ba zan je wurin Baba ba, ko da aikin zai kuɓuce.

Laraba, 26 ga Maris
Na ba Florian waƙar ya fara, sauran suka bi shi ɗaya bayan ɗaya. Don in rufe masa baki ne kawai.

Lahadi, 30 ga Maris
An yi. Graf ya miƙe yana tafi, aiki ya zama nawa. Can baya, cikin barori, na hango Baba da tsohuwar rigarsa ta coci, yana ɗaga yatsa duk sanda wata murya ta shigo. A bakin ƙofa ya tare ni.
"Wa ya rubuta maka ƙasan nan?"
"Ni."
Ya daɗe yana kallona, ya ce goge na biyu ya yi saurin shigowa. Ya juya ya tafi.

Litinin, 31 ga Maris
Goge na biyu lafiyarsa ƙalau. Na dai ɗan ja shi baya.
Na fara sabon kiɗa da safe. Daga ƙasa. Nan alƙalamin ya sauka, ba wani abu ba.