Kaset Mai Lamba Bakwai

Asabar, 2 ga Maris

Yaya ya ce a kwashe tsohon shagon gem na Baba, wato na wasan bidiyo, kafin mai gida ya ba wani haya. Ni aka bar wa ƙarƙashin kantar shagon. Kwali guda maƙil da kaset ɗin bidiyo, irin wanda kamfanonin gem ke aiko wa masu shago su riƙa kunna talla. Yaya ya ce shara ce. Ni dai na ɗauke abina.

Lahadi, 3 ga Maris

Na saka hotonsu a zauren masu tara irin waɗannan kaset a intanet. Kai, mutanen nan ba su da aiki! Wayata har ta yi zafi. Shugaban zauren, wani malamin makaranta, ya ce shekara tara suna neman mai lamba bakwai. Ga shi a cinyata. Nan take na yi alkawarin juya shi a kwamfuta kowa ya gani. Bakina ya riga hankalina, kamar kullum.

Talata, 5 ga Maris

Mai gyara ya buɗe shi, ya ce fumfuna ta ci zaren. Ya goge, amma wai kunnawa ɗaya zai iya ɗauka, in ya tsinke shi ke nan. Sai ya nuna mini wani ɗan rami a gefe da aka liƙe da salatif. Kamfani kan bar ramin a buɗe don kada a naɗi wani abu a kai. Wanda ya liƙe, da gangan ya yi.

Baba ne, wa kuma? Mutumin da ko taɓa na'urar gem bai taɓa barina na yi ba, wai ta kwastomomi ce. Sai ya fita cin abincin rana nake satar bugawa. To me ya naɗa? Ƙwallo? Labarai?

Laraba, 6 ga Maris

Na kasa kunnawa. Tsoro.

Alhamis, 7 ga Maris

Na kunna, kwamfuta na ɗauka. Minti huɗu na talla, wani mai murya kamar aradu yana yabon sabon gem. Sai hoton ya yi tsalle, tallan ya ɓace. Ashe Baba ya jona na'urar gem da bidiyon, ya naɗi wasan wani. Haushi kamar in fasa allon.

Sai na lura mai wasan yana tsalle sau biyu kafin kowane rami, ba dalili. Ni kaɗai ke wannan shirmen. Ya haye wata gada mai rushewa da ke cikin gem ɗin, ya kai ƙarshe, ya rubuta haruffa uku na laƙabina a jerin gwanaye. Zaren bai tsinke ba.

Juma'a, 8 ga Maris

Na kai wa Baba bidiyon a waya. Tun da ya kwanta ciwo magana na yi masa wuya. Ya daɗe yana kallo. Na tambaye shi ko ya san ina bugawa, ya ce kullum shi ke danna naɗi kafin ya fita, in ya dawo ya kalla.

"Ke kaɗai kika haye gadar nan," ya ce. "Duk shagon."

Na ce to me ya hana shi faɗa. Ya ce da ya faɗa, da na daina karatu. Shekara ashirin da biyar ina riƙe da mutumin nan a rai.

Lahadi, 10 ga Maris

Na tura wa malamin minti huɗunsa. Ya yi godiya, ya ce wanda ya goge sauran bai kyauta ba. Na rubuta masa amsa mai zafi, na goge.

Na ɓare salatif ɗin, kada wani ya sake naɗar komai a kai. Gobe zan koma wajen Baba da tsohuwar na'urar gem ɗin da muka kwaso daga shagon. Don in ga ko tana aiki ne kawai.