Mijin Ƙanwata Ya Ƙona Mini Tashar Jirgi

Hajja Ummusalama, assalamu alaikum. Don Allah ki taimake ni da magana, domin a gidana yanzu ba mai ba ni gaskiya, har matata. Kuma kada ki fara da cewa in yi haƙuri. Haƙurin ne ya kawo ni nan.

Ni mutumin Gadarif ne a ƙasar Sudan, manomin riɗi da dawa, na haura hamsin. Babanmu, Allah ya jiƙansa, ma'aikacin jirgin ƙasa ne a tashar Hawata, shi ke juya layi in jirgi zai shigo. Ina saurayi na yi aiki a Jidda, a can na sayi wani ɗan ƙaramin jirgi mai tafiya da lantarki, da layukansa. Tun lokacin nake gina tashar Hawata a kan babban tebur a ɗakin baƙina, yadda na san ta ina yaro: tankin ruwa, sito, da mararraba shida inda layi ke rabuwa biyu, abin da Baba ke kira tahawila. Ƙarƙashin kowace mararraba akwai naɗin waya siririya kamar gashi. In ka ba shi wuta na ƙiftawar ido, sai ya fizgi harshen layin ya ce ƙas, jirgi ya bi ɗaya hanyar. Ƙiftawar ido na ce. In wutar ta zauna, ƙonewa yake yi. Ni na ja wayoyin nan da hannuna, ina kwance rigingine ƙarƙashin tebur, dalma na ɗiga a rigata. Na yarda a cukurkuɗe suke, kuma bakin waya nake dangwalawa a kan ƙusa in juya layi. To, sai me? Suna aiki.

Da yaƙi ya kai Sinja, ƙanwata Hanatu ta iso da mijinta Lukman da 'ya'yansu, daga su sai kayan jikinsu. Na ba su ɗaki, tukunyarmu ɗaya, ban taɓa yi musu gori ba. Lukman mai jan wutar gidaje ne, kuma tun zuwansa bai sami aikin kirki ba, sai zaman ɗakin baƙi. Kullum na shigo sai in tarar ya durƙusa yana leƙen ƙarƙashin teburin yana girgiza kai, wai wannan ba aiki ba ne, wai wata rana gobara za ta tashi. Na sha gaya masa ya kalla da ido, kada ya sa hannu.

Lokacin yankan riɗi na tafi gona wajen Mafaza, na tafi da batirin motar da nake ba tashar wuta da shi. Ranar da na dawo, da hantsi, ya tare ni a ƙofa baki har kunne, ya riga ya kira maƙwabta biyu. Hajja, ya tsige wayoyina kaf! Ya shimfiɗa sababbi, ja da baƙi, ya kafa allo mai fenti da makunnai irin na fitilar ɗaki, waɗanda in ka danna suke zama a danne. Ko gwadawa bai yi ba tunda ba batir. Kafin in sauke jakata ya ɗauki batirin ya jona, ya bi makunnan ɗaya bayan ɗaya yana dariya. Suka ce ƙas, ƙas, sai wani gurnani, sai warin roba. Ina fizge wayar hayaƙi na tashi. Naɗin waya huɗu cikin shida sun narke. A ina zan samo irinsu a Sudan ɗin yau?

Nan take, a gaban maƙwabtan, na gaya masa wanda ya kasa tsare gidansa ba shi zai gyara na wani ba, kuma ciyar da shi nake yi, ba aiki na ɗauke shi ba. Na faɗa, kuma ban ga ƙarya a ciki ba.

Har yau bai zo ya ba ni haƙuri ba. In ya hango ni sai ya canza hanya. Hanatu ta daina ɗibar dawa a buhunana, ta haɗa murhunta a bayan ɗaki, gaisuwa ma da ƙyar. Yanzu sun ɗaure kaya, wai ranar Juma'a za su koma wurin da ake tsugunar da masu gudun hijira a Shuwak. Matata Fatiha ta ce na kori 'yar'uwata a kan abin wasan yara. Abin wasan yara! Wannan ya fi hayaƙin ƙona mini rai.

Ni aka yi wa ɓarna, ni aka mayar mugu. Ki gaya mini yadda zan sa mutumin nan ya amsa laifinsa. In kuwa girman kai ya hana shi, akwai laifi in na bar su suka tafi?

Ɗan Mai Juya Layi, Gadarif

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwana.

Ba zan fara da haƙuri ba, zan fara da gaskiyarka. An hana Lukman taɓa abu ya taɓa, ya rushe aikin shekaru ba da izini ba, kuma ya ɗauka sanin wutar gida ya isa sanin komai. Ya yi laifi. Fatiha ma ba ta kyauta ba, domin teburin nan tunawa da mahaifinka ne, ba wasa ba.

Yanzu saurari taka. Mai son tozarta ka ba ya kiran maƙwabta yana murmushi. Magidanci ne da ya wayi gari yana cin tuwon wani, abin da ya rage masa a duniya sana'ar hannunsa, sai ya so ya saka maka da ita. Ya yi wauta, amma ba mugunta ba. Kai kuma ka ɗauki abin da ya fi yi masa ciwo ka jefe shi da shi a bainar jama'a. Ka ce ba ƙarya a maganarka. Akwai. Ba sakacinsa ya raba shi da gidansa ba, bindiga ce, kuma da ta biyo ta Gadarif kai ma da ka ɗaure kaya. Ka ce ba ka taɓa yi musu gori ba. A ranar ka yi, kuma Hanatu ta ji, shi ya sa ta haɗa murhu.

Kana jiran ya zo. Da wace fuska? Canza hanyar nan kunya ce, ba girman kai ba. Don haka kai za ka fara. Ka kira maƙwabtan nan biyu, tunda a gabansu ka yi, ka ce ka janye maganar gida da ta ciyarwa. Kada ka haɗa da “amma”. Sannan ka shiga wurin Hanatu kai kaɗai. Zancen ɓarnar ka bar shi sai kun keɓe, a nan ka gaya masa yadda ta yi maka zafi. Ina kyautata zaton ba sai ka roƙi ban-haƙurin ba.

Game da tashar, na tambayi wani masani. Ya ce maɓalli irin na ƙararrawar ƙofa ake sawa, mai sakin wuta da zarar ka ɗaga yatsa, a kuma sa fis mai yanke wuta in ta yi yawa kusa da batir. Ka gwada masu naɗin fanka ko za su iya sake naɗa waɗanda suka ƙone. Kuma ya ce tsirarar waya da batirin mota a gida mai yara haɗari ne, a nan Lukman ya fi ka gaskiya. Ko ka bar shi ya sake sa hannu ko a'a, wannan ikonka ne.

Amma barinsu su tafi, e, akwai laifi, kuma kai za ka fi kowa ɗaukarsa. Kada Juma'a ta same ka kana jiran wanda zai fara. Allah ya huci zuciyarka, ya jiƙan mahaifinka, ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Hajja Ummusalama