Gaisuwar da Yaya Ba Ta Yi Ba

Zuwa ga Gwaggona abar ƙaunata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa cikin ladabi, ina fatan takardar nan za ta same ki lafiya, ke da duk mutanen gida. Yaya gwiwar taki? Baba ya ce har kin daina hawa bene. Allah ya ba ki sauƙi, ya sa kaffara ce. Mu ma nan jiki lafiya. Haƙoran Auta na gaba sun zube, yanzu in zai yi dariya sai ya rufe baki da hannu. Ni kuma na shiga aji ɗaya na sakandare, ina zama a bencin baya kusa da taga. Na so in yi miki maganar nan ta waya, amma kin san halina, da na ji muryarki sai in ce lafiya lau in miƙa wa Mama. Kuma wayar ta Mama ce, ga shi ba na so ta ji. Shi ya sa na ba direban nan maƙwabcinmu takardar ya kawo miki hannu da hannu.

Gwaggo, maganar Yaya ce, kuma ta hana ni sakat. Kin san tana digiri na biyu, tana koyon yi wa masu damuwa magani ta hanyar zama da su a saurare su. Baba yana tsokanarta, wai likitar da ba allura ba ƙwaya, sai gyaɗa kai. Bana an tura ta wani asibiti, an ba ta ɗan ɗaki mai kujeru biyu da agogon bango, tana ganin mutane, akwai kuma wata malama da ke duba aikinta, suna ce mata Dokta. Tun kafin ta fara, da ni take gwaji. Sai ta zaunar da ni a bakin gado, ta jawo kujera, ta ce in ɗauka ni baƙuwa ce na zo wurinta. Ta ce na fi kowa amfani, domin in ta iya sa ni na buɗe baki to ko bango za ta sa ya yi magana. Akwai bayanin da take yi wa kowane sabon zuwa, ta maimaita mini shi har na haddace. Tana cewa duk abin da aka faɗa a ɗakin nan a nan zai tsaya. Tana kuma cewa in suka haɗu a waje ba za ta fara gaishe da mutum ba, sai in shi ya fara, don kada na kusa da shi su tambaye shi inda ya san ta.

To ran nan mun fita mu uku, ni da Mama da Yaya, muka tsaya a kantin magani na kusa da tashar bas. Muna cikin layi sai Mama ta saki ihun murna, ashe wata tsohuwar ƙawarta ta gani, wadda suka yi aikin ɗinki tare tun ba a haife ni ba. Ba ki san ta ba, mu ma Mama ba ta taɓa kai mu gidanta ba. Tana tare da mutanen gidanta biyu, duk manya. Ni da nake ɓuya bayan ƙofa in an yi baƙi, na daure na gaishe su ɗaya bayan ɗaya. Yaya kuwa, wadda ko mai gadi ba ta wucewa sai ta tambayi iyalinsa, sai ta ƙame kamar sandar lantarki. Ta juya fuska tana karanta kwalayen magani a kanta, kamar za a yi mata jarrabawa a kansu. Mama ta taɓa ta da gwiwar hannu, ba ta motsa ba. Ƙawar Mama ta dube ta sama da ƙasa, ta yi dariya, ta ce ai wannan ce mai babban karatun, to Allah ya sa in ta gama a koya mata sannu. Ban taɓa ganin fuskar Mama ta yi haka ba. Ko maganin ba mu saya ba muka fito.

A gida Mama ta yi ta tambaya, Yaya kuma sai dai ta ce a yi haƙuri. Mama ta ce ba haƙuri ta tambaya ba, dalili take so. Yaya ta ce ba ta da abin faɗa. Da Baba ya dawo ya ji, ya ce abu mai sauƙi ne, ta shirya ta bi Mama gidan matar ta ba su haƙuri. Nan ma Yaya ta ce a yi mata kowane hukunci, amma ba za ta iya shiga gidan ba. Baba ya ajiye cokali ya ce to shi bai sa 'ya karatu don ta fi ƙarfin gaida manya ba. In wata ya ƙare ba ta je ba, ta daina zuwa asibitin. Gwaggo, in ta daina zuwa yanzu ba za a ƙirga mata aikin bana ba, kuma mutanen da take gani za a bar su a tsakiyar hanya.

Ni kaɗai na gane abin da ya faru, saboda bayanin nan da na haddace. Ɗaya daga cikin mutanen nan uku yana zuwa ɗakin Yaya, kuma na tabbata sauran biyun ba su sani ba. Tun ranar nake kai da kawo. In ɗauki tsintsiya in ajiye, in buɗe littafi in rufe. Sau da yawa na je har ƙofar kicin zan gaya wa Mama, sai in tsaya ina kallon bayanta. Kin san Mama, ba mugunta za ta yi ba, tausayi za ta ji, kuma tausayin nata ne zai kai ta gidan ta fara tambayar wa ke ba shi da lafiya. Yaya ma ba ta cin abinci sosai. Da muka sake gwaji na ji ta canja bayanin, yanzu tambaya take yi, in mun haɗu a waje yaya kike so in yi. Na ce mata da ba haka take faɗa ba. Ta ce Dokta ce ta gyara mata, bayan abin da ya faru a kantin. Wai ta ce sabon ɗan koyo yakan riƙe doka da hannu biyu har ya karya ta, kuma wani lokaci shiru ya fi gaisuwa tona asiri, da mutum ya gaida kowa kamar yadda kowace 'ya take yi da ba wanda zai waiwaya. Yaya ta faɗa tana murmushi, amma idonta ya cika.

Shekaranjiya na yi abin da ban taɓa zaton zan iya ba. Na ce wa Mama ni zan raka ta in kai haƙurin Yaya. Ta ce ke da ake jan magana daga bakinki kamar ana jan guga? Amma ta yarda. A falon mutanen na zauna a gefen kujera, na faɗi abin da na shirya, rabinsa ma ni kaɗai na ji. Matar ta ce Allah sarki, ƙaramar ta fi babbar hankali, ya wuce. Da za mu fito Mama tana neman takalminta, sai ɗaya daga cikin mutanen gidan ya matso kusa da ni, ya ce a hankali in gaya wa yayata ba ta da laifi a wurinsa, kuma don Allah kada ta zo. Ba zan gaya miki ko wane ne ba, ko namiji ko mace ma kada ki yarda da yadda na rubuta. Da na dawo na samu Yaya tana guga, na faɗa mata. Ba ta ɗago ba. Ta ce ita ba ta ji na ce komai ba, ni ma ban ji komai ba. Sai ta ajiye dutsen gugar ta riƙe hannuna har sai da ya yi zafi.

Na ɗauka shi ke nan, amma Baba ya ce ba ni ya aika ba, maganarsa tana nan. Watan kuma yana ta tafiya. Gwaggo, ke kika yi shekaru kina karɓar haihuwa a asibiti, Baba da bakinsa yake cewa kin san sirrin rabin gari amma ko mijinki bai taɓa jin ɗaya ba. Kuma ke ce gaba da shi, in kin yi magana ba ya musu. Don Allah ki kira shi. Kada ki ba shi dalili, kada ki ce na rubuto, ki dai ce masa kin san irin aikin nan, ya bar yarinya ta je asibitinta. Ni kaina ban sani ba ko na yi daidai da na gaya miki. Na yaga takarda biyu kafin wannan. Na duba kowa na ga ke kaɗai ce kika yi nisa da mutanen nan, kuma ke kaɗai ce za ki ji ki haɗiye.

Ki gaishe mini da Baffa, da Yaya Babba da amaryarsa, da Tagwaye, ki ce musu Auta yana nan yana jiran ƙwallon da suka yi masa alkawari. Mama da Baba da sun san ina rubutu da sun ce a gaishe ki. Allah ya ƙara miki lafiya da nisan kwana. In wayar Baba ta yi ƙara zan kasance a bayan ƙofa, ina jin ko muryarki ce.

Taki har kullum,
'Yar-shiru