Minti Ashirin Ɗin da Ban Jira Ba

Litinin, 12 ga Oktoba, 1998

Hajiya Ramatou ba ta farka ba. Na'ura ce ke yi mata numfashi.

Zan rubuta yadda abin ya faru sau ɗaya tak, don na san halina, in na bari zan fara gyara shi a kaina.

Jiya Lahadi, babu aji. Na je otal ɗin da ta sauka ita da mijinta Alhaji Moussa. Mutanen Maraɗi ne, sarin jakunkuna ya kawo su. A masallacin Juma'a muka haɗu mako biyu da suka wuce. Na yi tuntuɓe a bakin ƙofa na ce wayyo Allah, sai na ji an riƙo hannuna, an ce ke ɗiyar ina ce? Wata huɗu ina Guangzhou, a ƙasar Caina, ina kwas na ma'aikatan jinya, ban yi Hausa da mace ba sai ranar.

Na same ta da zazzaɓi da ciwon maƙogwaro. Duk da haka sai da ta dama mini kunu, ta ɗebo mini dambun nama. Ina ci ta buɗe jakarta ta fito da kwalbar fenisilin da sabon sirinji, tun daga gida ta taho da su. Ta ce, "Ɗiyata, tunda Allah ya kawo ki, yi mini ita. Ni ƙwaya ba ta kama ni, sai allura."

Na ce Hajiya sai an yi gwaji tukuna. Ta yi dariya, wai tun ba a haife ni ba ake yi mata wannan allurar. Motar da za ta kai su kasuwar fata a Shiling tana ƙasa tana jira, Alhaji sai duban agogo yake. Sa'ar Innata ce. Kwanonta yana kan cinyata. Ta yaya zan ce a'a?

Na yi mata.

Ko sirinjin ban ajiye ba ta ce harshenta ya yi nauyi. Ta fara susar tafin hannu. Leɓenta ya kumbura ina kallo. Ba ni da komai a hannu, ko kwalba ɗaya ta adiranalin, allurar ceto in hakan ta faru. Motar Shiling ɗin ce ta kai mu asibitin da nake kwas, cikin cunkoso, ina hura mata iska a baki a kujerar baya.

Likitan gaggawa ya tambaye ni da Turanci wane magani ne. Na miƙa masa kwalbar. Ya ce wa ya yi mata? Alhaji ba ya jin Turanci, sai Hausa da Faransanci, ni ce tafinta. Na juya na tambaye shi da Hausa, kamar ban sani ba. Ya dube ni. Ya ce, "Ki ce ita ta yi ma kanta."

Na fassara daidai. Ban ƙara ba, ban rage ba.

Talata, 13 ga Oktoba

Na je aji. Wanke hannu muka sake yi, mataki shida. Na samu cikakken maki.

Laraba, 14 ga Oktoba

Hajiya haka take.

Malama Liang, shugabar ma'aikatan jinya da ke koyar da mu, ta ce tunda yarenmu ɗaya ni zan riƙa fassara tsakanin Alhaji da likitoci. Har ta gode mini. Ta ba ni fom ɗin rahoton haɗari na cika abin da dangi suka faɗa. Akwai gurbin da ake sa sunan wanda ya ba da magani. Na rubuta "majinyaciya da kanta". Rubutuna ya fita tsaf. Na yi mamakinsa.

Mu goma sha biyu ne a kwas ɗin, daga ƙasashe takwas. Cikin ma'aikatan jinya arba'in da suka nema a jiharmu ni aka zaɓa, wai in zo in koyo kiyaye lafiyar majinyata, in koma in horar da sauran. Mijina Abdulƙadir da kansa ya kai ni filin jirgi, ya ce zai riƙe yaran wata shida, in dai zan dawo da takardar. Yau saura mako bakwai.

Alhamis, 15 ga Oktoba

Alhaji ya tsare ni a barandar asibiti. Ya rame. Ya ce kar in sa komai a raina, tsautsayi ba ya wuce ranarsa, kuma ita ta matsa, shi shaida ne. Ya ce, "Kak ki hwaɗi ma kowa. Mutanen nan ba su san ƙaddara ba, takarda suka sani. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba."

Na ce to, Baba.

Ya saya mini lemo. Na sha.

Juma'a, 16 ga Oktoba

Ban je masallaci ba.

Litinin, 19 ga Oktoba

Yau da labarin Hajiya aka yi darasi. Ba a ambaci suna ba, "wata baƙuwa mai shekara hamsin da takwas" kawai.

Malama Liang ta sake bin ƙa'idar gwajin allura daga farko, a hankali, yadda take yi kamar tana lissafa kayan miya. Ɗan ɗigo a ƙarƙashin fatar hannu. A zagaye wurin da biro. A rubuta lokaci. A jira minti ashirin, majinyaci yana zaune a gabanka, adiranalin yana kan faranti. Ma'aikata biyu su duba, su biyun su sa hannu. Ko an taɓa yi wa mutum sau ɗari, in an kwana biyu ba a yi ba, ko an sake kwalba, sai an sake gwaji. Ta ce jiki ba ya yin alkawari.

Na san duk wannan. A makon farko aka koya mana, a littafina yana nan da jan biro. A gida kuwa tambaya muke yi, "Tana yi miki ƙaiƙayi?" In an ce a'a, shi ke nan. Shekara tara haka nake yi, Allah yana rufa asiri.

Wata 'yar Tanzaniya da ke zama kusa da ni ta ɗaga hannu ta ce ta yaya mace mai jiki haka za ta yi wa kanta allura a ɗuwawu, a daidai wurin kuma? Malama Liang ta ce wasu suna iyawa. Ba ta dube ni ba. Ko ta duba ban gani ba, ina kallon shafin littafi.

Laraba, 21 ga Oktoba

Ta rasu da hantsi, wajen goma da rabi. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ni na faɗa wa Alhaji, don aikina ne. Likita ya faɗa da Turanci, na faɗa da Hausa. Ya zauna a ƙasa, kan siminti, ya cire hula. Na tsaya a kansa ina jira ko likita zai ƙara wani abu da zan fassara.

Ban ji komai ba. Na duba, wallahi na duba, babu.

Alhamis, 22 ga Oktoba

Takardu. Ofishin 'yan sanda, ofishin lafiya, mu koma asibiti. Duk inda muka je a ce meyo, wato babu, mai hatimin ya fita. Alhaji ya ce a nan za a rufe ta, ƙasa duk ta Allah ce.

Juma'a, 23 ga Oktoba

Ni na yi mata wanka, ni da wasu tsofaffin mata biyu Musulmin Caina da limamin masallacin Juma'a ya turo. Ba ma jin juna. Ba a buƙaci magana ba, yadda muke yi haka suke yi, dama kafin hagu.

Da muka juya ta na ga wurin. Ɗan tabo ne kamar cizon sauro, a sama ta gefen waje, inda ake koya wa ɗalibai. Aiki mai kyau. Ɗaya tsohuwar ta zuba ruwa a kai, na cuɗa da tsumma na wuce.

Ƙafarta da lalle, sabo, na tafiya. Zai yi wata bai goge ba.

Bayan an dawo daga maƙabarta Alhaji ya miƙo mini ledar dambun naman da ya rage da garin kunun. Wai ita da ta so in ci. Na karɓa na ce an gode. Tana kan tebur.

Lahadi, 25 ga Oktoba

Na buga waya gida daga rumfar waya. Abdulƙadir ya ce muryata ta yi ƙasa. Na ce layi ne. Ya ce a asibitinmu har an ware mini ɗakin da zan riƙa koyarwa, an yi masa fenti. Na ce madalla.

Talata, 27 ga Oktoba

Jarrabawar aiki da hannu. Gwajin fata ya faɗo mini, ka ji rabo. Wata ɗalibar jinya ce ta ba da hannunta, da ruwan gishiri ake yi. Na zagaye, na rubuta lokaci, na ajiye faranti, na zauna.

Ban taɓa zama na jira minti ashirin ɗin nan ina kallon agogo ba sai yau. Ashe ba komai ba ne. Ko shinkafa ba ta nuna a cikinsa.

Ni na zo ta ɗaya. Aka tafa. Malama Liang ta ce ranar rufe kwas ni zan nuna wa manyan baƙi yadda ake yi, kuma za ta rubuta wa ma'aikatarmu wasiƙar yabo. Na ce she-she, na gode.

Da na koma ɗaki na yi amai. Ina jin miyar rana ce.

Laraba, 28 ga Oktoba

Alhaji ya tafi. Na raka shi bakin otal. Bai sayi jaka ko ɗaya ba, akwatinta kawai yake ja da nasa.

Ya ce ya yafe mini duniya da lahira, ita ma ya san ta yafe. Na ce Baba, in na faɗa musu fa? Ransa ya ɓaci, karo na farko da na gani. Ya ce to me zai ƙara mata? Za ta taso ne? Ya rufa mini asiri ina neman yaye wa kaina zane a kasuwa, ga 'ya'ya, ga miji yana jira. Ya ce, "Ke yarinya ce har yanzu."

Gaskiyarsa, ba za ta taso ba.

Yanzu duk garin nan ba wanda ya sani sai ni. Na ɗauka zan ji sauƙi.

Alhamis, 29 ga Oktoba

Ruwa tun safe.

Abin da ke damuna ba Hajiya ba ce, Allah ya yafe mini. Ɗakin nan ne da aka yi wa fenti. In tsaya a gaban yara sababbin ɗauka in ce musu ko uwarku ce ta roƙe ku kar ku yarda. Da wane baki? Kuma wata a cikinsu za ta yi abin da na yi, don kunya, don an ba ta kunu, ni kuma ina da labarin da zai hana ta, na haɗiye shi.

Ko kuma duk wannan ƙawa ce nake yi wa abin. Wataƙila na gaji ne kawai.

Juma'a, 30 ga Oktoba

Na je ofishin Malama Liang bayan aji. Tana cin abinci a ɗan kwanon ƙarfe. Na ce rahoton baƙuwar nan akwai kuskure. Ta ce a ina? Na ce ni na yi mata allurar, ban yi gwaji ba, kuma na fassara abin da na san ƙarya ne.

Ta rufe kwanon. Ta jawo takarda da biro. Ina jiran faɗa, ban samu ba. Ta tambaye ni ƙarfe nawa na yi, ƙarfe nawa alamun suka fara, mil nawa. Tana rubutawa. Sai can ta ce, "Me ya sa?"

Na ce babba ce, ta girmi mahaifiyata ma wataƙila, kuma na ci abincinta. Da Turanci abin ya fito wani iri, kamar ba dalili ba. Ta ce ta gane. Ta ce ita ma surukarta ba ta yi mata magana wata uku saboda irin wannan. Ta ce dole ta kai maganar sama, ba yadda za ta yi.

Na ce na sani.

Litinin, 2 ga Nuwamba

An kira ni gaban mutum biyar. Tambayoyi iri ɗaya sau uku. Sun ce za su sanar da ofishin jakadancinmu da ma'aikata. An karɓe katin shiga ɗakin majinyata.

Ban buga waya gida ba tukuna.

Alhamis, 5 ga Nuwamba

Sun yanke. Babu takardar shaida. Za a rubuta wa ma'aikata, can su san yadda za su yi da ni. Jirgina ranar sha huɗu.

Malama Liang ta kawo sabon fom. Na cike gurbin, Ummu Salma Munkaila, har da lambar rajistata. Wannan karon rubutun bai fita tsaf ba, ko da ta danne mini takardar da yatsa. Na ɓata mata fom ɗin da ruwan ido, aka sake wani. Ba wani kuka ba ne sosai.

Na faɗa wa Abdulƙadir. Ya ce, "Ki dawo dai." Ban san me ke cikin dai ɗin nan ba, sai na je.

Da zan fita daga ofis na tambayi Malama Liang ko zan iya ci gaba da zama a aji kafin ranar tafiya, ko ba takarda. Akwai darasin ajiyar magunguna da ba mu kai ba. Ban san me ya sa na tambaya ba, me zan yi da shi?

Ta ce ƙarfe takwas, kar in makara.