Ɗan Ina Ne Isaka?

Gran-Asabo, Kodebuwa

Yaya Nufu,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Direban motar Kudugu na ba wannan takarda, don waya ta zama abin tsoro. Duk wanda aka ga lambar Burkina a wayarsa, jandarmomi tafiya suke da shi.

Yaya, sai haƙuri. Ƙaninmu Isaka ya rasu.

Na san ka ji a rediyo abin da ya faru ranar Lahadi a bakin teku. Ina rumfata ina juya kifi na ji ƙara, na zaci yara ne ke wasan wuta. Sai ga mutane a guje, wasu ko zane babu. 'Yan bindiga ne suka ɓullo ta bayan otal ɗin da Isaka yake aikin ceton masu wanka, suna harbin duk abin da ya motsa.

Da abin ya lafa, ni da matarsa Afuwe muka nufi asibiti. Ba ya cikin masu rauni. Ba ya cikin gawawwakin da aka jera aka lulluɓe da farin ƙyalle. A bayan ɗakin ajiye gawa muka same shi, a ƙasa, cikin rana, an haɗa shi da gawar maharan an rufe da tamfol, ƙudaje na bi. Da ɗan yatsan ƙafarsa na gane shi, wanda ya karye a ƙwallo.

Jandarman da ke gadi ya ce, "Ke, ɗan ina ne?"

Na ce ɗan nan ne, a asibitin nan aka yanke masa cibi.

"Sunansa?"

"Isaka Nikiyema."

Sai ya yi dariya. "Nikiyema ne ɗan nan? Ga gemu, ga katin baƙi. Ai ku ne kuke kawo mana su."

Na ce, "Wane ɗan ta'adda ka taɓa gani da jan gajeren wando da usur a wuya?" Ya ce in na ƙara magana zan kwana a wurinsu.

Sun hana mu gawar, wai ana bincike. Uban Afuwe, tsoho Kwadiyo, ya zo har gida ya tsaya a bakin ƙofa, ko takalmi bai cire ba, yana cewa, "Na gaya miki kada ki auri ɗan arewa. Ɗauko kayanki." Ta ƙi binsa. Tana nan wurina, ruwa kaɗai take iya sha.

Ka faɗa wa dangi. Ka yi masa addu'a, don a nan ko limamin unguwa tsoron ambaton sunansa yake yi.

Ƙanwarka,
Rasmata

*

Kudugu, Burkina Faso

Zuwa ga ƙanwata Rasmata,

Bayan gaisuwa, saƙonki ya iso. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙan Isaka, ya ba mu haƙuri. Ki yi wa Afuwe ta'aziyya, ki ce na gode mata.

Na yi kuka, amma ban yi mamaki ba. Ranar da aka ƙona min shago lokacin yaƙi, na ce muku mu tafi tare, kuka ce nan ne gida. To ga gidan nan.

Bari in tuna miki, tunda ke ƙarama ce lokacin da Baba yake ba da labarin. Kakanmu Tinga bai je Kodebuwa neman arziki ba. Da igiya a ƙugu Faransawa suka kai shi, ya sare musu daji, ya shimfiɗa musu hanyar jirgin ƙasa. Akwai ma shekarun da can da nan ƙasa ɗaya ce a takardar Bature. Daga baya wani mutum da bai taɓa ɗanɗana tuwon dawa ba ya sake jan layi, aka wayi gari Tinga baƙo ne a ƙasar da ya gina da gadon bayansa. Ɗansa baƙo, jikansa baƙo. Yau kuma jikan ya zama ɗan ta'adda. Layin da suke taƙama da shi, suna ƙin mutane a kansa, ko su ba su san wanda ya ja shi ba.

Ga abin da na yanke a matsayina na babba. Da zarar sun sake shi, a kawo shi nan a rufe shi a ƙauyen kakanninmu. Ƙasar da ta shanya shi a rana ba za ta ci namansa ba. Ke ma ki sayar da rumfar ki taho. A nan mutum yana da mutunci.

Yayanki,
Nufu Nikiyema

*

Yaya,

Ina gaishe ka. Na ga takardarka. Kai dai ko a gidan makoki sai ka karantar.

Kwanakin nan na ga abin da ya fi ƙarfina. An bi unguwarmu gida-gida an shafa jan fenti a bango, wai maɓoyar baƙi ce, za a rushe. Madam Aku, wadda shekara da shekaru take cin kifina da aceke, dambun rogon nan, ta tofar da yawu a gaban rumfata.

To sai ga shi ranar Alhamis wata Baturiya ta fito a talabijin daga ƙasarsu tana hawaye. Ta ce wani mai jan wando ya tattara yara, har da nata biyu, ya cusa su ƙarƙashin kwalekwalen da aka kife a yashi. Da ya ga maharan sun nufo wurin, sai ya zura da gudu ta wani gefen yana busa usur don su bi shi. Suka bi shi. Ta nuna hotonsa da ta ɗauka da safen ranar, yana dariya.

Yaya, 'ya'yan masunta ne suka fi yawa a ƙarƙashin kwalekwalen nan. Tun ranar Lahadi iyayensu suke zuwa wurin jandarmomi suna faɗin wannan magana, ana korarsu. Sai da ta fito daga farin baki ta zama gaskiya.

Kafin azahar an ɗauke Isaka daga ƙarƙashin tamfol an sa shi a firiji. Magajin gari ya zo gidanmu da 'yan jarida, ya tsaya daidai inda jan fentin ba zai fito a hoto ba, ya kama hannuna biyu yana cewa, "'Yar'uwata, ƙaninki ɗan ƙasa ne na gari, jininmu ne." Warin turarensa har yanzu yana hannuna, na wanke da toka bai fita ba. Ya ce za a ba Isaka takardar zama ɗan ƙasa, a yi masa jana'izar gwamnati da tuta da badujala. Takardar da Isaka ya ƙare takalmansa yana nema. Na ce, "To ni fa, ranka ya daɗe? Ciki ɗaya muka fito." Ya yi murmushi ya ce in bi ta ofis.

Tsoho Kwadiyo ma ya dawo, da sabon zane a kafaɗa, yana gaya wa 'yan jarida yadda shi da "surukinsa" suke hira kamar uba da ɗa. Madam Aku ta aiko min da aloko, soyayyar ayaba. Na ba kare.

Maganar kai shi ƙauye kuwa, Yaya, Isaka bai taɓa ganin ƙauyen nan ba. Yaren ma a karkace yake yinsa. Amma ka zo, mu yi magana baki da baki.

Rasmata

*

Ƙanwata,

Ina gaishe ki, ina gaida Afuwe. Da ni ya kamata ki gani, ba takarda ba.

Na taso. A kan iyaka aka sauke mu, aka ce tun harin an hana irinmu shiga. Na ce ni ne yayan Isaka Nikiyema. Jami'in yana da hoton Isaka manne a bangon ofishinsa, an zana masa tuta a bayansa. Ya dubi hoton, ya dube ni, ya ce, "Wannan namu ne. Kai kuma koma inda ka fito."

Na koma, na tarar a nan ma an farka. Rediyo tana kiransa jarumin Burkina. Manya sun zo gidana da motoci, suna so in sa baki a kawo gawar, su ma su yi nasu bikin.

Na ce miki a nan mutum yana da mutunci. Tun da na dawo ƙasar nan, sunana ɗan Kodebuwa. Yara suna kwaikwayon maganata a makarantar da nake koyarwa. Da na je ƙauye neman gonar kakanmu, dattawa suka ce wanda ya tafi ya tafi, kamar da ƙafarsa ya zaɓi tafiyar. Su ne jiya suka aiko min da zakara, wai sun ware wa ɗansu wuri a gindin kuka. Ɗan nasu ko sunansa ba su faɗa daidai ba.

Duk su biyun gawa suke so, Rasmata, don gawa ba ta neman gona, ba ta neman katin zaɓe. Na janye maganata. Ku da kuke kusa da shi, ku yi abin da kuka ga zai so.

Yayanki,
Nufu

*

Yaya Nufu,

Gaisuwa. An rufe Isaka, kuma ba su ne suka rufe shi ba.

Afuwe ce ta yi dabarar. Kirista ce, amma ta je ta tsaya gaban magajin gari ta ce addinin mijinta bai yarda a sa shi a akwati ba a yi masa wanka ba. Suka ba mu shi da safe, a kan mu mayar kafin bikin la'asar. Liman ya sami ƙarfin hali a ƙarshe. Aka wanke shi, aka yi masa sutura, aka sallace shi. Masuntan nan suka sa shi a kwalekwale, suka haye da shi tafki zuwa tsohuwar maƙabartar leburori. Kirista da Musulmi, hannu bibbiyu suka zuba ƙasa.

Da mutanen magajin gari suka zo ɗauka, Afuwe ta ce musu, "Ku je ku tono shi, in kun iya. Amma ku taho da 'yan jaridarku."

Na zaci za su fasa bikin, ko su kama mu. Yaya, ba su fasa ba. A talabijin ɗin maƙwabta na gani. Soja shida ɗauke da akwati, an lulluɓe shi da tuta, suna tafiya a hankali kamar da nauyi a ciki. Magajin gari ya yi jawabi har muryarsa na rawa. Ya ɗora takardar zama ɗan ƙasa a kan akwatin da ya san babu kowa a ciki, ya sunkuyar da kai. Tsoho Kwadiyo yana layin gaba yana share ido. Na tashi na fita.

Jan fentin yana nan a bangonmu. An ce mu kwashe kaya kafin ƙarshen wata.

Ka gaida yara.

Ƙanwarka,
Rasmata

*

Yaya,

Ina gaisuwa. An rushe unguwar. Ina zaune a ɗakin da Afuwe ta kama, lafiya lau.

Inda gidajenmu suke an shimfiɗa kwalta har bakin teku, an kafa babban allo: Titin Isaka Nikiyema. Jiya na kai teburina na kafa a gefensa. Ɗan sanda ya zo ya ce an hana baƙi sana'a a titin nan, in faɗi sunana. Na nuna masa allon. Ya ce ba wasa ya zo yi ba, ya kwashe kifin ya tafi.

Gobe zan koma.

Rasmata