Hauyar Baba

Maraɗi, 6 ga Yuni

Yaya Maijidda,

Gaisuwa mai yawa. Yaya jikin Baba, ya yara, ya mutanen Jiratawa?

Kin tuna ƙaramin jirgi marar matuƙi da kamfaninmu ke haɗa wa soji? Aikinsa ya gano mai bindiga a kan moto, wato babur, ya zagaye shi da ja, ya aika wa soji hoton. Da za mu koya masa, ba a ba mu bindiga ba. Ni na kawo shawarar mutane su rataya hauya a baya a madadinta, mu ɗauki hoto. Mutum goma sha biyu suka zo, har da Baba, da hularsa ta Juma'a, yana ta alfahari da ni.

Jiya muka gwada shi a saman gonakinmu. Manoma hamsin suka wuce da hauya, ya zagaye arba'in da bakwai. Sau uku na sake ƙirgawa. Yaya, ba bindiga ya koya ba, hauya ya koya.

Na rubuta wa shef, shugabanmu a kamfani, rahoto. Ki sa ni a addu'a.

Ƙanenki,
Idirisa

Maraɗi, 19 ga Yuni

Yaya Maijidda,

Ina gaishe ku, da fatan kowa lafiya.

Shef ya ce hotunan farko ne, za a gyara daga baya. Ya cire shafi na huɗu, inda lissafin yake. Ranar Talata aka miƙa wa soji jirage shida, za su yi sintiri daga Tibiri zuwa kan iyaka, ta saman gonakinmu. An ce mutum ne zai duba hoton kafin a yi harbi. Na auna girman manomi a allon da mutumin zai duba, bai kai ƙwayar wake ba.

Na kai kwafin shafin ofisoshin hukuma biyu. Sun karɓa, sun buga hatimi, shiru.

Saƙonki ya iso, cewa Baba ya yi dariya, wai jirgin ɗansa ya san shi. Gaskiya ya faɗa. A hotuna ɗari takwas da na koya wa jirgin da su, ɗari biyu da shida na Baba ne, don shi kaɗai bai gaji ba.

Don Allah ki kwance igiyar da yake rataya hauyarsa da ita ki ɓoye. Na san zai samo wata. Ki sake ɓoyewa.

Naki,
Idirisa