Kirfar Baba

Litinin, 8 ga Janairu 2024
Na iso Gaya daga Yamai. Baba kwance, zazzaɓi da tari sun rarake shi, amma ya ƙi zuwa likita. Wai me zai je yi, 'yarsa ta gano maganin mura?

Talata, 9 ga Janairu
Abin da na faɗa masa da babbar salla: a jami'a muna gwada wani sinadari dangin aldehid, wanda ke ba kirfa ƙamshinta, kuma yana raunana ƙwayar mura a cikin kwanon gwaji. A kwano, ba a jikin mutum ba. Baba bai ji wannan ɓangaren ba. Tun da aka rufe gadar kan iyaka, kamiyonsa na ɗaukar kaya yana tsaye, sai zaman shayi da direbobi, yana zuba musu kirfa yana cewa, "Ku sha, aikin Nasiba ne."

Alhamis, 11 ga Janairu
Na durƙusa na roƙe shi. Ya ce, "In na je likita, me zan ce wa mutanen tasha? Cewa ban yarda da ke ba?" Na yi masa tsawa. Inna ta fita tsakar gida.

Asabar, 13 ga Janairu
Mun ɗauke shi zuwa asibiti ba ya iya musu. Lokotoro ya ce murar ta sauka huhu.

Lahadi, 14 ga Janairu
Baba ya rasu bayan azahar.

Talata, 23 ga Janairu
Abokinsa Harun ya zo gaisuwa daga garin Bana. Ya ce mini, "'Yata, maganinki ya yi mini aiki." Don in ji sanyi ya faɗa. Na shiga ɗaki na yi kuka har muryata ta dushe. Na tattara kirfar gidan na zuba a kogi. Madam Rahinatu, mai duba aikina a jami'a, ta kira, ban ɗauka ba. Ba zan koma ba.

Alhamis, 22 ga Fabrairu
Na je share kamiyon za a ba wani direba. A gaban sitiyari, ƙunshin kirfa a ɗaure da zare. Ƙamshin hannunsa ke nan. Ban jefar ba, yana cikin jakata. Na tambayi lokacin motar Yamai, tambaya kawai. Ba don kowa ba. Baba dai ya riga ya faɗa wa duk tasha cewa 'yarsa ta gano maganin.